Noman Attarugu da Barkono a Cikin Ɗaki da Hasken Fitila: Jagora ga Mazauna Saudiyya

Wanda ya taɓa dasa attarugu a baranda ko a saman soro a Makka, Jidda ko Riyad ya san inda labarin yake ƙarewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shuka tana nan kore shar, tana ta fure. Da zafi ya kankama sai furen ya riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, a ƙara ruwa, a ƙara taki, amma ko ɗa guda ba za a gani ba. Ba ƙishi ba ne, ba yunwa ba ce. Garin furen barkono yana lalacewa idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, kuma idan dare bai sauko ƙasa da digiri 24 ko 25 ba, furen ba ya kamawa. A Makka kuwa da bazara rana tana wuce digiri 40, dare yana kai wa kusan 30.

Saboda haka sanyi ake shigowa nema a cikin ɗaki. Fitila diyya ce kawai ta ranar da aka baro a waje. Wanda ya riƙe wannan ba zai zuba kuɗinsa duka a fitila ya manta da ma'aunin zafi ba.

Irin da za a shuka

Barkono ƙanana da shambo sun fi saurin biya: wata uku da rabi zuwa huɗu daga shuka zuwa nuna. Attarugu mai nawa ne, sai wata biyar zuwa shida, kuma ya fi saurin zubar da fure idan an ɓata masa. Tattasai yana cin wuri da haske da yawa, 'ya'yansa kaɗan ne, ga shi ana samun danginsa da araha a kasuwa, don haka ba mu ga dalilin ba shi gurbi a ƙarƙashin fitila ba. Mai farawa ya haɗa tukunyar barkono ɗaya da ta attarugu biyu. Barkonon ne zai riƙe masa zuciya kafin attarugun ya ga dama.

Ana iya sayen iri a fakiti a mashtal, wato wurin sayar da tsirrai, ko a cire daga attarugun miya. Idan daga kasuwa ne, a zaɓi wanda ya nuna sosai, ja ko ruwan lemo, mai tauri, wanda bai taɓa shiga firiza ba. Ƙwayar ɗanyen kore ba ta ƙosa ba. Busasshen barkonon daka yana iya tsirowa idan a rana aka shanya shi, amma wanda aka busar da wuta ya mutu. Abu ɗaya a sani: wani attarugun kasuwa haɗin aure ne na kamfani, 'ya'yan da zai haifa ba lallai su yi kama da uwarsu ba.

Wuri da fitila

A nemi kusurwar da sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake kai wa amma iskarsa ba ta bugun ganye kai tsaye. Abin da ake so shi ne digiri 24 zuwa 29 lokacin da fitila take kunne, da 19 zuwa 23 lokacin duhu. Kafin a sayi komai, a ajiye ɗan ma'aunin zafi da laima, irin mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa, a wannan kusurwa na kwana uku. Ɗakin ajiya a bene na ƙarshe wanda ba a kunna masa mukayyif yana iya zama tanda da azahar. Ɗakin kwana kuma bai dace ba, hasken ba zai bar kowa ya runtsa ba.

Fili mai faɗin santimita 60 da tsawon 60 ya ishi tukunya uku, huɗu idan barkono ne zalla. Tsayi kuwa a ba shi aƙalla santimita 140, domin tukunya za ta ci 30, shuka 60 zuwa 70, sauran na fitila ne da tazararta. Akwai ɗan tanti na musamman da ake sayarwa, amma kantar ƙarfe da aka kewaye gefe uku da farin kwali tana yin aikin. Farin bango ya fi takardar alminiyam da aka cukurkuɗe mayar da haske daidai.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Idon mutum maƙaryaci ne a sha'anin haske. Falon da muke gani tas da haske bai wuce luks 300 zuwa 500 ba (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), rana tsaka a waje kuwa tana kai wa luks 100,000. Barkono mai 'ya'ya yana buƙatar luks 30,000 zuwa 40,000 a saman ganyensa, awa 14 zuwa 16 kullum. Ƙwan fitilar ɗaki ko guda biyar aka jera ba za su kai nan ba.

Abin da za a saya shi ne faifan fitilar LED fari, irin na shuka, wanda yake jan wat 100 na gaskiya daga bango, ga wannan fili na 60 da 60. A kula da kalmar "na gaskiya". Za a ga kwali an rubuta masa wat 1000 da manyan baƙaƙe, a duba ƙasa a ƙananan rubutu a tarar wat 90 yake ci, wani ma 30. Lambar cin wuta ita ce abin dubawa. Launin haske tsakanin kelbin 3000 da 5000 (kelbin shi ne ma'aunin launin haske) duk yana yi tun daga tsiro har girbi. Ƙananan fitilun nan masu wuya kamar maciji, masu launin shuni da ake maƙalawa a tebur, wat 10 zuwa 20 ne. Za su raya tsiro na sati biyu, ba za su ba da attarugu ba. Araha ba ta ado. Ga kuma illar hasken shuni: yana ɓoye launin ganye, cuta ta ci rabin shuka ba a lura ba. Idan da hali a ɗauki mai maɓallin rage haske, zai yi amfani lokacin tsiro.

Wutar Saudiyya bolt 230 ce a yanzu, amma tsofaffin gidaje da dama suna da sauran soket na 127. A tabbatar da wanda za a jona. A ɗaga mahaɗar waya daga ƙasa a ɗaure ta sama da tukwane, ruwa da wuta ba sa shiri.

Kuɗin wuta bai kai yadda ake tsoro ba. Wat 100 sau awa 16 ya ba da kilowat-awa 1.6 a rana, 48 a wata. A farashin gidaje na halala 18 kowane kilowat-awa (halala 100 ne riyal ɗaya), riyal 8 da 'yan kai ke nan, da haraji kusan riyal 10. Sai dai duk wat ɗin da fitila ta ci zafi yake komawa a ƙarshe, mukayyif ne zai kwashe shi.

A haɗa fitilar da taima, wato na'urar da take kunna ta ta kashe ta a kan lokaci, kada a dogara da tuni. Daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 9 na dare ya yi daidai da awa 16, kuma duhun shukar zai faɗo a lokacin da gida ya fi sanyi. Barin fitila awa 24 ba ya ƙara 'ya'ya, ganye yake sa wa rawaya. A ƙara da ƙaramar fanka da za ta riƙa kaɗa ganye a hankali dare da rana. Ba ado ba ce. Ita take ƙarfafa kara, ta hana fumfuna, ta taya barbarar fure.

Don auna haske, manhajar luks ta waya ta isa a fara da ita, ko da yake ba ta cika daidai ba. A riƙe wayar a saman ganye, fuska sama. Tsiro yana son 10,000 zuwa 15,000, wato faifan wat 100 a tazarar santimita 55 zuwa 60, ko a rage ƙarfinsa zuwa rabi. Yabanya mai tasowa 20,000 zuwa 25,000. Mai fure da 'ya'ya cikakken ƙarfi a tazarar santimita 30 zuwa 40. Idan gaɓoɓin kara suna nisa da juna, shuka tana miƙewa siririya, haske ya yi kaɗan. Idan ganyen sama ya koɗe, gefensa ya naɗe sama kamar kwalekwale, fitila ta matso da yawa, a ɗaga ta da santimita 10.

Ƙasa da tukunya

Kada a ɗebo rairayin waje. Yana danƙarewa a tukunya, sau da yawa kuma akwai gishiri a cikinsa. A haɗa kashi 2 na bitmos (ruɓaɓɓen gansakuka mai laushi na buhu), kashi 1 na farlayit (fararen tsakuwoyin nan marasa nauyi kamar gugguru), da kashi 1 na ruɓaɓɓen takin buhu. Ana iya maye bitmos da dusar ɓawon kwakwa, wadda ake sayarwa a danne kamar bulo. Bulon kilo 5 yana kumbura ya kai lita 60 zuwa 70, amma a jiƙa shi a wanke sau biyu ko uku, domin yakan zo da gishiri. Ɗanyen kashin akuya ko na kaji ba na cikin ɗaki ba ne: wari, ƙudaje, da ƙona saiwa.

Tukunyar ƙarshe lita 10 zuwa 15 ga attarugu, lita 7 zuwa 8 ga barkono. Bokitin fenti da aka wanke aka huda masa rami takwas a gindi ya wadatar, a sa masa faranti a ƙasa.

Shuka da dashe

A jiƙa ƙwayar a ruwa mai ɗumi na awa 12 zuwa 24. A cika ƙananan kofunan roba da aka huda da haɗin ƙasar mai danshi, a binne ƙwaya biyu ko uku a kowanne, zurfin rabin santimita, a rufe da leda mai haske. A nan ne kaɗai zafin ƙasar nan yake taimako: iri yana son digiri 27 zuwa 30, don haka kicin ya fi ɗaki mai mukayyif. Sama da 35 kuma yana hana tsiro. Barkono yana fitowa cikin kwana 7 zuwa 14. Attarugu sai sati biyu zuwa huɗu, wani lokacin fiye. Mutane da yawa suna zubar da kofi a kwana na goma sha biyu alhali irin yana hanya.

Ranar da aka ga ɗan lanƙwasasshen wuya ya ɓullo, a cire ledar a kai shi ƙarƙashin fitila a ranar. Kwana biyu a duhu sun isa su mayar da shi zare. Idan aka wayi gari tsiro ya kwanta, gindinsa ya tsuke kamar an matse da farce, fumfuna ce ta ruwa mai yawa da rashin iska. Wanda ya faɗi ya tafi, sauran a rage musu ruwa a kunna fanka. A bar mafi ƙarfi a kowane kofi, a yanke sauran da almakashi, kada a tuge.

Da ya yi ganyen gaskiya huɗu zuwa shida, ban da biyun farko na ƙwaya, a mayar da shi tukunyar lita 1. Idan saiwa ta leƙo ta ramukan gindi, a kai shi babbar. Tsallake tukunyar lita 1 yana jawo matsala: ƙaramar saiwa a babbar tukunya ba ta iya shanye ruwan, ƙasa ta zauna jagab, saiwa ta ruɓe.

Ruwa da taki

Bayan zafin dare, gishiri ne abokin gaba na biyu. A gona ruwan sama yana wanke ƙasa, a tukunya ba mai wankewa sai mai ita. Ruwan famfo da na wayit, wato tankar ruwa, sun bambanta daga gari zuwa gari, har daga unguwa zuwa unguwa, gwargwadon ko tataccen ruwan teku ne ko an gauraya da na rijiya. A sayi alƙalamin auna gishirin ruwa, irin wanda masu gyaran matatar ruwa suke yawo da shi. Idan ruwan bai kai 300 ba, a yi amfani da shi kai tsaye. Idan ya haura 500, a sirka shi rabi da rabi da ruwan tahliya, wato tataccen ruwan da aka cire wa gishiri.

Ruwan da yake ɗiga daga mukayyif kyauta ne kuma kusan babu gishiri a cikinsa. A Jidda mai laima ana tara shi da yawa. Yana da kyau ga shuka idan mazubin mai tsabta ne, amma fanko ne kamar ruwan tahliya: babu kalshiyam, babu magnesiyam. Wanda yake ban ruwa da shi dole ya ƙara su.

Lokacin ban ruwa ba a bin kalanda. A ɗaga tukunya a ji nauyinta, ko a tura yatsa gaɓa biyu. Idan ya bushe, a zuba a hankali har wajen kashi ɗaya cikin biyar na ruwan ya fito ta ƙasa, sannan a zubar da na farantin bayan minti goma sha biyar. Wannan rarar ita take fitar da gishiri. Yayyafin kullum da rabin kofi shi yake tara farin ɓawo a saman ƙasa ya ƙona bakin ganye. Shukar da ta yi yaushi alhali ƙasarta jiƙe take, saiwarta ce ta shaƙe, ƙarin ruwa ƙarasa ta zai yi.

Taki a fara shi bayan ganyen gaskiya na biyu. Takin zamani mai narkewa 20-20-20 (lambobin naitirojin, fosfaros da fotashiyam da ake rubutawa a jikin buhu), rabin giram a lita, sau ɗaya a sati. Bayan dashen ƙarshe a kai giram 1 a lita, sau biyu a sati. Da an ga hudar fure a koma mai yawan fotashiyam, kamar 12-12-36, shi ma giram 1 a lita. Idan aka ci gaba da ɗura naitirojin, za a samu kurmin ganye mai duhun kore babu ɗa. Shafaffen cokalin shayi kusan giram 5 ne, wato cokali biyu a bokitin lita 10, amma ɗan sikelin kicin ya fi aminci. A alƙalamin gishiri, ruwan takin tsiro ya tsaya 500 zuwa 700, na babbar shuka 1000 zuwa 1300.

Yawancin waɗannan takin ba su da kalshiyam. Sau ɗaya a sati a ba da kalshiyam naitiret, rabin giram a lita, a ranarsa daban. Kada a zuba garinsa da na ɗaya takin a kofi guda, suna haɗuwa su zama farin laka da saiwa ba ta iya sha. Gishirin magnesiyam, wanda ake kira gishirin Ingilishi a kantin magani, sulusin giram a lita duk sati biyu.

Tsamin ruwa, wato pH, ya kasance tsakanin 6 da 6.5. Ruwan famfo yakan haura 7. Ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka na gishirin lemun tsami, wanda ake samu a kowace baƙala, wato kantin unguwa, yana sauko da bokiti guda. A sa kaɗan a auna da takardar gwaji, a ƙara idan bai kai ba.

Sau ɗaya a wata a auna gishirin ruwan da ya fito ta gindin tukunya. Idan ya ɗara wanda aka zuba da 500 ko fiye, a kai tukunyar banɗaki a kwarara mata tsabtataccen ruwa ninki biyu na girmanta.

Ganye yana faɗin abin da yake damunsa. Na ƙasa ya yi rawaya gaba ɗaya: yunwar naitirojin. Tsohon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa kore: magnesiyam. Sabon toho ne ya yi haka: sinadarin ƙarfe ne ba ya samu, kuma galibi pH ne ya hau. Ƙurarraji kamar ƙwayar sukari a bayan ganye ba ƙwaro ba ne, ruwa ne ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Baƙin tabo mai laushi a gindin ɗan tattasai ko shambo kuwa kalshiyam ne bai isa wurin ba, kuma sau da yawa laifin ban ruwa ne, yau fari gobe ambaliya.

Fure

A tsinke furen farko har shuka ta kai santimita 25 zuwa 30 ta yi rassa. Da ciwo, amma shukar da ta ɗauki ɗa tana ƙarama tsumburewa take yi. Barkono mai son tsayi a yanke masa kai bayan ganye na takwas don ya baje, duk rassansa su sami haske daidai. Attarugu yana rassa da kansa, yanke shi jinkiri kawai yake ƙarawa. A cire ganyen da yake ƙasa da inda kara ya rabu biyu, haske ba ya kai masa, maɓoyar ƙwari ce.

Furen barkono yana da namiji da mace a jikinsa, girgiza kawai yake buƙata, kuma babu ƙudan zuma a falo. Awa uku zuwa huɗu bayan fitila ta kama, a ɗan ƙwanƙwasa kara da yatsa, ko a zagaya cikin kowane buɗaɗɗen fure da audugar goge kunne. Idan garin yana nan, za a ga ɗan fari-fari a audugar. Furen da ya kama, fararen ganyensa ne za su bushe su faɗi, sandarsa ta yi kauri ta zauna kore. Wanda bai kama ba sandar ce take rawaya ta ɓalle gaba ɗaya.

Zubewar wasu furanni al'ada ce, musamman ga attarugu da yake fitar da uku ko huɗu a gaɓa ɗaya. Idan duka ne suke zuba, a fara da ma'aunin zafi, a ga nawa dare ya kai. Sai laima: ana son kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, mukayyif kuwa a Riyad ko Madina yana iya sauko da ita ƙasa da 30, kan furen ya bushe garin ya kasa mannewa. Ƙaramar na'urar tururi tana gyara wannan. Bayan su sai a tuhumi ƙarancin haske da yawan naitirojin.

Ƙwari

Busasshiyar iskar ɗaki aljannar jan gizo ce, wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ido da kyar yake gani. Alamarsa ɗige-ɗigen fari a saman ganye kamar an tsira allura, daga baya siririyar yana a ƙasan ganye. Duk sati a riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe a kaɗa shi. Idan ƙurar da ta zubo tana tafiya, shi ne. A wanke shukar da shawa, musamman bayan ganye, sannan a fesa man darbejiya, itacen nan da yake yi wa alhazai inuwa a Arfa: mililita 5 da ɗigo kaɗan na sabulun ruwa a lita 1 mai ɗumi. A fesa bayan fitila ta mutu, don mai da haske suna ƙona ganye. A maimaita duk kwana huɗu ko biyar har sau huɗu, saboda feshi ba ya kashe ƙwai duka, kuma a ɗumi ƙwaron yana cika zagayensa cikin kusan sati guda. Wannan haɗin yana aiki a kan farin ƙuda da kwarkwatar ganye. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da suke tashi daga ƙasa shaida ce ta yawan ruwa. A bar sama ya bushe, a rataya takarda mai danƙo ruwan ɗorawa.

Yawancin ƙwari a hannu ake shigo da su. Sabon tsiron mashtal ya yi sati biyu a wani ɗaki tukuna, ƙunshin na'ana'a daga kasuwa kada a ajiye shi kusa. Mai shan taba ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ganye, akwai cutar dabbare-dabbaren ganye da take bin taba, kuma ba ta da magani sai tuge shukar.

Girbi da abin da yake biyo baya

Daga kamawar fure zuwa nuna sati biyar zuwa takwas ne, attarugu yakan ɗara. A yanka da almakashi, fizga tana karya reshe. Yawan tsinka yana sa sabon fure. A sa safar hannu, a kuma kula da yara masu rarrafe, jan attarugu a tsayin idonsu yake. Idan ya ƙona hannu, man girki sannan sabulu, ruwa zalla ba ya ɗauke yajin.

Mai son ajiye iri ya ware auduga daban ga kowane nau'i lokacin barbara, in ba haka ba za su yi aure. A shanya ƙwayar a inuwa kwana goma, a sa a ambulan cikin kwalba a firji.

Barkono ba ɗan shekara ɗaya ba ne. Idan 'ya'ya sun ja baya, a datse rassa a bar sulusi, a zare shukar a rage saiwar gefe, a sabunta rabin ƙasar, a rage ruwa har toho ya fito. Zagaye na biyu ya fi na farko sauri tunda saiwa ta riga ta kafu. Daga Nuwamba ana iya fitar da tukwane baranda a huta da kuɗin wuta, amma a saba musu a hankali: awa ɗaya ta hantsi a ranar farko, a riƙa ƙarawa har kwana goma, domin ganyen da ya tashi a fitila rana tana babbaka shi. A dawo da su kafin ƙarshen Maris, bayan an wanke su an yi musu feshi biyu a waje.